Ba a Tambayar Rumbu

Littafina na farko siriri ne, in ka ɗora shi a kan faifai iska za ta iya ɗauke su tare. Har yau in aka gayyace ni wata makaranta sai wani ya ɗaga hannu ya tambaye ni inda na samo labarinsa. Nakan ce daga kaina. Ba ƙarya nake yi ba, amma ba iyakar maganar ke nan ba, kuma na gaji da ba da rabin amsa.

A gidan Baba na rubuta shi, a ƙauyenmu na ƙasar Makoda. Mijina ya rasu, na gama takaba na dawo gida, na ci gaba da koyarwa a firamaren garin. Gidanmu gidan gandu ne. Akwai Baba da Inna, akwai Yayana da matarsa da 'ya'yansu, sai ni da na dawo na ƙara musu baki. Gona ɗaya muke ci, tukunya ɗaya ake ɗorawa. A wajenmu babu daji. Inda gonar wani ta ƙare nan ta wani ta fara, haka gidaje ma, in ka yi tari a tsakar gidanka maƙwabci ne zai ce maka sannu ta kan katanga. Gonar gandunmu ta sha rabon gado tun daga kakanni har ta koma 'yar tsiririya, amma ita ce dai muke da ita.

A tsakiyar gidan akwai rumbun ƙasa, babba, zaune a kan duwatsu, bakinsa a sama an kifa masa jinka. Baba kaɗai ke hawa. Kowace safiya zai jingina tsanin giginya, ya ɗaga jinkar, ya jefo damin da za a ci, ya sauko ya kwantar da tsanin a bayan ɗakinsa. Mace ba ta leƙa rumbu, ɗa ma ba ya leƙa na ubansa sai in uban ya mutu, ko kuwa ya sauka daga gidan ya miƙa masa. Ana cewa ido yana kore albarkar hatsi. Ina ƙarama na taɓa ɗaukar muciya na ƙwanƙwasa cikin rumbun don wasa, kakata ta taso da saurin da ban san tana da shi ba ta make min hannu.

"Ke, ba a tambayar rumbu," in ji ta. "Wanda ya tambaye shi zai ba shi amsa."

Sai da na girma na gane nufinta. Cikakken rumbu in ka buge shi shiru yake yi. Wanda babu komai a cikinsa shi ne mai baki, yana amsawa kamar tulun da ba ruwa.

Shekarun da nake ba da labarinsu, damina bayan damina ruwa yana ɗaukewa daidai lokacin da dawa ke fitar da kai. Takin da ake ɗaukowa daga birni a bayan jakai ya gagari talaka, na zamani kuwa sai dai mu ji sunansa a rediyo. Albashinmu na malamai yana zuwa lokacin da ya ga dama. Masu itace suka shigo da gatura, kusan kullum sai ka ji faɗuwar bishiya a gonar wani, kuma babu mai tambayar dalili. Samari suna tafiya ci-rani, ruwa ya sauka ba su dawo ba.

Yaya mutum ne mai ƙarfi da gajen haƙuri. Halinmu ɗaya, shi ya sa ba mu cika jituwa ba. Wata rana bayan girbi ina shara a kusa da zaure na ji shi da Baba.

"Baba, ni dai gaskiya nake so. In abin da ke ciki zai kai mu shuka, in zauna. In ba zai kai ba, in kwashe yaran nan mu yi Kudu tun da sauran tsoka a jikinsu."

"Tun yaushe ɗa ya fara auna rumbun ubansa?" in ji Baba. "Akwai."

Kowa a gidan ya san inda aka tsaya. Baba ya tsufa, bayansa ba ya ɗaukar garma. In Yaya ya tafi, gandu ya mutu, gonar sai jingina, kuma a ƙasarmu gonar da ta shiga hannun wani ba ta cika dawowa ba. Abin da ya riƙe Yaya a gida kalma ɗaya ce, wannan "akwai" ɗin. Ni kuwa na yarda da ita ɗari bisa ɗari, don ban taɓa jin Baba ya faɗi abin da ba haka ba.

Duk da haka tsoro bai bar ni ba. Sai na ce bari in ɗauke shi in ɗora wa wani mutumin da babu shi a duniya, ko na samu sauƙi. Na ƙago wani mai gida da rumbunsa ya ƙare tun kafin rani ya yi nisa, ya kasa gaya wa iyalinsa. Yana sayar da abin hannunsa a ɓoye, ya sayo hatsi a kasuwa ya zuba a rumbun, gari ya waye ya hau tsani ya fitar kamar daga gonarsa ya fito. A babi na kusa da ƙarshe matarsa ta ɗauki taɓarya ta ƙwanƙwasa rumbun, rumbun ya amsa. Wannan na samo shi daga dukan da kakata ta yi min, sauran duk daga kaina ne, kuma na yi alfahari da shi. Na ɗauka na ƙirƙiro abin da bai taɓa faɗo wa kowa a rai ba.

Bayan la'asar nake rubutun, a inuwar rumbun ma kuwa, don nan ne wurin da ya fi sanyi a gidan. Nakan kifa faranti a cinya in ɗora takarda. Inna in ta wuce sai ta ce, "Wai wannan wasiƙar taki wa ake rubuta wa da ba ta ƙarewa?" Baba kuma in ya dawo daga masallaci sai ya ce a bar uwarsa ta yi aikinta. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, don haka Uwata yake kirana. Yana karanta ajami, boko kuwa ko sunansa ba ya ganewa, kuma bai taɓa tambayar abin da nake rubutawa ba.

Da na gama na kai wa wani mai tafireta a Bici, mutumin da ya fi son gyara min labari a kan bugawa. Sau nawa muna faɗa, yana cewa ya kamata a sa soyayya ko kaɗan, don ita ake saye. Na ce masa in yana da soyayya ya rubuta tasa. Daga nan na kwashi adashina na kai maɗaba'a a birni. Mai zanen bango yaron birni ne, bai taɓa ganin rumbun ƙasa ido da ido ba, sai ni da bakina na zauna na kwatanta masa: ga duwatsun, ga jinkar da ta karkace gefe ɗaya, ga tsanin giginya, har tsagewar da aka liƙe da sabuwar ƙasa a ƙugunsa. Ya iya aikinsa. Duk wanda ya taɓa shiga gidanmu ya ga bangon nan, zai ce rumbun Baba ne.

Littattafan suka iso a kwali a saman ƙaramar bas, rani ya riga ya yi nisa. Hedimastanmu ya ɗaga ɗaya sama kamar an yi masa haihuwa. Shi mutum ne da ko kaza ce ta yi ƙwai a makaranta sai ya so a kira taro. Nan take ya yanke cewa za a yi ƙaddamarwa a filin makaranta, irin wadda ake yi a birni. Za a gayyato wakilin hakimi, za a ɗauko wani tsohon malamina daga kwalejin Bici ya yi sharhi ya karanta wa jama'a wani yanki, Baba kuma zai zauna a kujerar gaba. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Baba ya fito da babbar rigarsa ta Sallah ya aika a wanke a buge.

A tsakanin nan ne abubuwa suka fara sauyawa a gidan, ƙanana, irin waɗanda in ba ka so ka gani ba za ka gani ba. Baba ya daina jefo dami, sai ya sauko da tsaba a ƙwarya. Ya ce ɓeraye ne suka dame shi, shi ya sa ya sa aka sussuke saura a gona aka ɗura a buhu. Tuwonmu ya sauya launi. Mu dawa farafara muke shukawa, Baba yakan ce kaura abincin doki ce, ga shi yanzu kaura muke ci babu wanda ya ce uffan. Ɗorawar da ke bakin gonarmu, wadda kakansa ya bari, aka wayi gari masu itace suna kanta. Ya ce inuwarta ke hana shuka tashi. Ragon da yake kiwo ma ya tafi kasuwa bai dawo ba. Ni da na rubuta duk wannan da hannuna, ina kallo ina ce wa kaina ai ruwa yana iya tsami banza.

Saura 'yan kwanaki a yi taron, kaina ya sara a aji, na nemi izini na dawo gida da tsakar rana. Ranar kasuwar Makoda ce. Inna da matar Yaya da yara sun tafi suna a maƙwabta, Yaya yana can yana sharar gona. Ina shiga na ga jaki a tsakar gida, inda ba a taɓa shigo da shi ba, harawa a warwatse a ƙasa. Baba yana kan tsani, ya kusa kaiwa sama, da rabin buhu a kafaɗarsa. Ƙafarsa tana rawa a kan kowane mataki. Ba fitarwa yake yi ba, sawa yake yi. Ya tura buhun ta bakin rumbun ya sake shi. Buhun ya daɗe yana tafiya kafin ya faɗi, kuma da ya faɗi rumbun gaba ɗaya ya amsa.

Ya juyo ya gan ni. Bai yi saurin saukowa ba, sai da ya mayar da jinkar ya daidaita ta.

"Uwata, an tashi makarantar ne?"

"Kaina ke ciwo, Baba."

"To shiga ki kwanta, rana ce." Ya sunkuya yana tattara harawar. Har na kai bakin ƙofa ya ce, "Mai ciwon kai ai ba ya gani sosai."

"Haka ne, Baba."

Na shiga ɗaki na zauna a kan kwalin littattafan, don babu wani wurin zama. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Mutumin da na ƙago yana waje yana kora jaki, ni kuma ina zaune a kan asirinsa an buga shi da injin, har da hoton rumbunsa a bango. In aka karanta babin nan a gaban Yaya, aka haɗa da kaurar da muke ci da kututturen ɗorawa, ba sai an yi masa fassara ba.

Washegari na sami Hedimasta na ce a ɗaga taron. Ya dube ni kamar na zagi iyayensa. Ya ce an riga an raba katin gayyata, an ari kujeru, wakilin hakimi ya amsa, ba a fafe gora ranar tafiya. Na ce ba ni da lafiya, ya ce ai ba ni zan yi karatun ba. Na hau mota na tafi Bici wurin malamin da zai yi sharhi, na roƙe shi ya karanta babin farko, inda ake kwatanta girbi. Ya cire tabarau ya yi dariya.

"Malama, so kike in yanka rago in ba jama'a ƙaho? Babin taɓaryar nan shi ne littafin. Kunya ce irin ta sabon marubuci, za ta wuce."

In na gaya masa dalili na tona abin da nake son rufewa. Na fito raina a ɓace, har na kusa yin faɗa da kwandasta a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Da yamma na sami Inna tana surfe, na tsuguna kusa da turmin na ba ta labarin littafin tun daga farko har ƙarshe, murya ƙasa-ƙasa. Ban ce mata na ga komai ba. Ba ta tsayar da taɓarya ba har na gama.

"Babanku ya san abin da ke ciki?"

"Bai sani ba."

"To kada ki gaya masa. In ya sani ba zai je ba, in bai je ba kuwa garin nan kowa sai ya nemi dalili." Ta yayyafa ruwa a turmin ta juya hatsin da hannu, kaurar tana sheƙi a tafinta. "Amma matar nan ta cikin littafinki ba ta da ta ido. Abin da turmi yake gaya mata kullum bai ishe ta ba sai ta je ta tambayi rumbu?"

Ta ci gaba da surfenta, ni kuma na tashi na shiga ɗaki.

Ranar taron aka tashi da zafi mai nauyi, irin na bazara, ko ganye ba ya motsi. Tun hantsi hadari ya fara haɗuwa a gabas, baƙi ƙirin, mutane suna ɗaga kai suna kallo suna mayarwa. An jera kujeru a ƙarƙashin darbejiyoyin makaranta, dattawa a gaba, sauran maza a tsaye a baya, mu mata 'yan kaɗan da muka fito muna gefe a kan tabarma. Hedimasta ya aro lasifika da batirin mota, ya sa aka ɗaure ta can saman bishiya, bakinta yana kallon gari. Ya ce yana so matan da ke cikin gidaje su ma su ji abin da 'yar'uwarsu ta rubuta. Na ce masa a juya ta wajen fili, ya ce in bar masa wannan, ba fannina ba ne.

Baba ya zo cikin rigarsa, bugun yana ɗaukar ido, aka zaunar da shi kusa da wakilin hakimi. Ya rame a cikin rigar, sai ranar na lura. Yaya yana can baya ya jingina da kekensa. Aka buɗe da addu'a, aka yi jawabai, aka yabe ni har na fara jin haushin kaina. Sannan malamin ya miƙe, ya ɗaga littafin ya nuna bangon ga kowa, ya buɗe can wajen ƙarshe.

Ya iya karatu, wannan ba zan hana shi ba. Ya karanta yadda mai gidan ke fakon ranar da gida ba kowa, yadda yake ɓoye buhu a ƙarƙashin harawa, yadda yake sayar da bishiyar gado ya ce inuwa ce ta yi yawa. Da farko ana 'yar dariya, ana cewa wannan mutum da wayo yake. Sai dariyar ta fara raguwa har ta ɗauke. Ya zo inda matar ta ɗauki taɓarya ta tsaya a gaban rumbun. Nan ya dakata, ya dunƙule hannu, ya ƙwanƙwasa teburin katako a daidai bakin abin magana, a hankali, sau biyu. Ƙarar ta fita ta lasifika ta bi kan katangun gari.

Baba nake kallo ta baya. Yatsunsa sun tsaya a kan carbi. Amma da na kauda ido sai na ga ba nasa kaɗai ba ne. Dattijon da ke kusa da shi ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa. Wani ya cire hula yana leƙa cikinta. Layi guda na masu gidaje, mutanen da na tashi ina gaishe su a tsugune, babu wanda ya yarda ya haɗa ido da na kusa da shi. Ni da na ɗauka asirin mutum ɗaya na tona, sai na ga abin ya fi haka yawa.

Da malamin ya rufe littafin babu wanda ya tafa sai Hedimasta. Wani tsoho daga layi na biyu ya gyara murya.

"Malam, a wane gari aka yi wannan?"

"Ƙagaggen labari ne, Baba. Ba a yi shi a ko'ina ba."

"To," in ji tsohon. "Wanda ya ƙaga dai ya san gari."

Aka zo wajen sayen littafi, abin da Hedimasta ya fi ɗoki. Wakilin hakimi ya ɗauki 'yan kaɗan, malamai suka ɗauki ɗai-ɗai don kara. Masu gidaje kuwa sai zamewa suke yi, wannan ya ce zai duba dabba, wancan ko sallama babu. Kafin a shafa addu'ar rufewa rabin kujerun sun zama wofi. Na duba inda Yaya yake, babu shi babu kekensa. Hadarin nan da ya wuni yana haɗuwa ya watse ko ɗigo bai sauke ba, sai iska mai zafi da ya bari.

Na ɗora ragowar littattafan a ka na kama hanyar gida, rana ta yi sanyi. Hanyar tana bi ta tsakanin katangu ne. Ban yi nisa ba na ji shi, daga wani gida a hannun dama: ƙwas, ƙwas, sannan amsar. Na tsaya cak. Can gaba wani gidan ya ɗauka. Daga bayana ma na ji wani. Ba sautin daka ba ne, duk macen da ta taɓa riƙe taɓarya ta san bambanci. A wani gida muryar namiji ta tashi da faɗa, ta mace ta tashi a kanta, yaro ya fashe da kuka. Na so in ajiye kwalin nan a bakin hanya in gudu, sai dai ban san inda zan gudu in je ba.

A gidanmu na tarar da kowa a tsakar gida. Matar Yaya tana tsaye da taɓarya a hannu, ta ji komai ta lasifika. Yaran sun laɓe a bayanta. Inna tana zaune a bakin ƙofarta tana tsince wake kamar ba ta cikin gidan. Yaya yana gaban rumbun, ya karɓi taɓaryar daga hannun matarsa, ya ɗaga ta ke nan Baba ya yi sallama ya shigo a bayana.

"Ajiye wannan," in ji Baba. Bai ɗaga murya ba.

Yaya bai ajiye ba, bai kuma buga ba.

"A gidan nan ba a tambayar rumbu. Mai gida shi ke dubawa."

Ya wuce bayan ɗakinsa, da babbar rigar a jikinsa, ya jawo tsanin yana jan ƙasa. Babu wanda ya yi ƙarfin halin kama masa. Ya jingina shi a jikin rumbun, ya girgiza ya ga ya zauna, ya ja da baya.

"Hau."

"Baba, ni ba haka nake nufi ba."

"Na san abin da kake nufi. Hau."

Dukanmu mun san ma'anar wannan hawan, har yaran ma. Yaya ya jingina taɓaryar da bango ya hau. Ya ɗaga jinkar ya tura kansa ciki har kafaɗa. Na san abin da yake gani: ƙasan rumbu a share, da ɗan abin da ya rage a buhun ranar kasuwa. Ya daɗe a haka. Ina kallon ƙeyarsa, ina jira ya sauko ya ce wa matarsa ta haɗa kaya. Baba yana tsaye hannuwansa a baya, idonsa a kan duwatsun da ke ƙarƙashin rumbun.

Yaya ya zaro kansa, ya mayar da jinkar, ya tsaya ya daidaita ta yadda Baba ke yi. Ya sauko a hankali ya karkaɗe hannuwansa.

"Me ka gani?" in ji matarsa.

"Akwai," in ji Yaya. "Zai kai mu shuka. Ke kuma mayar da taɓaryar nan inda kika ɗauko ta."

Ya ɗauki tsanin, ya ɗan tsaya kamar yana tunanin inda zai kai shi, sannan ya kwantar da shi a bayan nasa ɗakin. Baba ya shiga ciki ya cire rigar, Inna ta ninke ta ta sa a adaka. Ban sake ganin ta a jikinsa ba, ko da Sallah.

A wannan bazarar gandaye da dama sun watse a garinmu, wasu suka kwashi iyali suka tafi. An ce littafina ne ya jawo, akwai gidajen da aka daɗe ba a amsa min gaisuwa da daɗin rai ba. Wata ta tare ni a bakin rijiya ta faɗa min a fuska, na ce mata littafi ba shi da baki balle ya cinye dawar mijinta. Har yau ina kan wannan maganar. Abin da ya tsaya min a rai daban ne. Baba bai taɓa yi min zancen littafin ba, bai daina kirana Uwata ba, amma daga ranar ya koma zaure. Da safe in Yaya ya jingina tsani, sai ya ɗauki buzunsa ya fita, ba ya dawowa sai an kira shi cin abinci, kamar baƙo.

Ranar kasuwar Makoda da ta biyo baya, Yaya ya ce wa matarsa ta kwashi yara ta je ta gaida iyayenta, an kwana biyu. Shi kuma ya fita a kan kekensa, yana kora jaki a gaba. Da tsakar rana ya dawo a ƙasa, babu keken, jakin yana ɗauke da harawa himili guda. Ya tsaya a bakin zaure yana kallonmu, ni da Inna, muna zaune a inuwar rumbu.

"Taso," in ji Inna. "Ranar nan ta yi zafi."

Muka shiga ɗakinta ta saki labule. Muna ciki muka ji jan tsani, muka ji buhun ya faɗa, rumbun ya amsa. Inna ta jawo faifanta ta ci gaba da tsince wake.